Baba Lopeti Ya Wuce Wa'adi

Gwamnati ta ba Baba Lopeti kwana casa'in ya mutu a cikinsu, shi kuma ya saɓa. Ba da gangan ba ne. Mutum ne mai kiyaye lokaci. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsinkar inabi da lemo a gonakin bakin kogin Murray, ba a taɓa jin motar gona ta tsaya jiransa ba. Wannan karon ne kaɗai ya makara.

Ni ce mai shara a gidan da aka kwantar da shi. An rubuta wa gidan suna mai daɗi a allon ƙofa, har da hoton tsuntsu, amma duk mutanen garinmu Tarrawin, Gidan Ƙarshe suke ce masa. Gado shida ne, na waɗanda likita ya ce magani ya gama nasa. Ba a warkar da kowa a wurinmu. Ana rage wa mutum zafi, a juya shi, a jiƙa masa leɓe, a bar nasa su zauna kusa da shi. Wata ma'aikata ce can a babban birni ke ɗaukar nauyin gadajen, bisa sharaɗi ɗaya: likita ya sa hannu cewa mai gadon ba zai wuce wata uku ba. Idan ya wuce, sai a turo mai bincike ya zo ya gani ko da gaske yake yi.

Yawancin mutanenmu ba sa ba gwamnati wahala. Mako biyu, uku, sun sallame ta. Baba Lopeti ma haka aka zata, don ranar da aka kawo shi ciwon dajin hanta ya riga ya mai da idonsa rawaya, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Sai Sista Noelene, wadda ke riƙe da gidan, ta daidaita masa allurar zafi, ya samu barci. Da ya samu barci sai ya nemi abinci. Matarsa, Iya Kalolaine, ta fara zuwa masa da dafaffen gwaza da romon kifi a kwano. Ran Lahadi 'yan cocinmu, mu mutanen tsibirin Tonga, mu cika baranda da waƙa. Ciwon bai je ko'ina ba, yana nan yana cinsa, sai dai ya rage sauri. A taƙaice, gidan ya yi aikinsa da kyau, abin da ya jawo mana magana ke nan.

Takardar ta iso ranar kwana na casa'in da ɗaya. Ma'aikatar da ta yi wata takwas ba ta amsa mana maganar injin wanki da ya lalace ba, ga shi wannan karon ko kwana ɗaya ba ta ƙara ba. Sista Noelene ta karanta ta a tsaye a kicin, ina wanke kofuna.

"Lesieli, kin ji? Suna taya mu murna."

"Murnar me, Sista?"

"Wai majinyacin ɗaki na huɗu ya zarce abin da aka yi hasashe. Ran Alhamis mai bincike zai zo. In ya ci maki sama da arba'in, gadon ya fita daga hannunsa."

"Ya koma ina?"

"Gidan tsofaffi. Nan kusa babu gurbi, sai na cikin birni."

Na san hanyar. Tafiyar awa uku ce a mota, bas kuwa Talata da Juma'a kawai take zuwa, kuma ba ta dawowa a ranar. Iya Kalolaine ba ta tuƙi. Daga gidan hayarsu da ke bayan ma'ajiyar lemo zuwa wurinmu, da ƙafa take tahowa kullum da hantsi, tana jan gwiwa ɗaya, ta wuni, ta koma kafin rana ta faɗi. Shekara hamsin da biyu da aurensu. 'Yarsu Sela tana Auckland, ɗansu yana haƙar ma'adinai can yamma. In aka ɗauke shi, ta gama ganinsa ke nan, sai dai wata rana a kira ta a waya a ce ta yi haƙuri.

Ran Laraba Sista Noelene ta kira ni ɗaki na huɗu in yi tafinta. Baba Lopeti yana jin Turanci, irin na gona, amma in maganar gwamnati ce ya fi so ya ji ta da harshen gida. Ta ja kujera ta zauna kusa da kansa.

"Faɗa masa ba ƙarya nake so ya yi ba. Gaskiya kawai. Ya kwanta yadda yake kwanciya kullum. In an tambaye shi zafi, ya faɗi wanda yake ji, ba wanda yake gaya wa fasto ba."

Na faɗa masa. Ya saurara, hannunsa a kan ƙirji.

"Baƙon daga ina zai zo?"

"Daga babban birni, Baba."

"Tun daga can? Saboda ni?" Ya juya ya dubi matarsa. "Kin ji? Me za a ba shi?"

"Ba za a ba shi komai ba!" in ji Sista Noelene da na fassara mata. "Ba biki zai zo ba. Iya, don Allah, gobe kada ki ɗora tukunya."

Iya Kalolaine ta ce to. Na san irin wannan to ɗin. Shi nake ce wa likita in ya hana ni gishiri.

Daga baranda aka yi tari mai tsawo, sannan murya ta biyo baya. Keith Dunstan ne na ɗaki na biyar, tsohon mai askin tumaki, huhunsa ya ƙare, kullum yana zaune a keken guragu da tukunyar iskar shaƙa a gefensa. Kwanansa arba'in a gidan, ko kare bai zo duba shi ba. Ƙofofin ɗakunan biyu baranda ɗaya suke kallo, duk abin da aka faɗa a nan yana kunnensa.

"Sarkin tsibiri! In darasi kake so ka zo in koya maka. Ka hangame baki, ka juya ido sama, ka yi ta nishi. Matata ta biyu shekara goma sha ɗaya ta yi tana haka, har yau tana nan da ranta a Adelaide."

"Wanzamin tumaki," in ji Baba Lopeti da Turancinsa, "ka ji da numfashinka. Wanda ka ɓata a kaina yanzu da ya kai ka Asabar."

"Ni ai zan cika wa'adina. Mu ba ma saɓa wa gwamnati."

Alhamis da ƙarfe goma na shigo da bokiti, na tarar da abin da na san zan tarar. Iya Kalolaine ta iso tun bakwai, wani ɗan coci ya kawo ta a akori-kura da tukwane uku. Ta yi masa wanka, ta aske shi, ta shafe shi da man kwakwa. Ta sa masa farar riga da baƙin zanen zuwa coci, ta ɗaura masa tabarmar ƙugu, wadda ba a tsayawa gaban babba sai da ita. Igiyar da a da take zagaye shi sau biyu, yau sai da ta yi huɗu. Yana zaune a bakin gado, ya dafe katifa da hannu biyu, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Baba, Sista fa ta ce ka kwanta."

"Na ji ta."

"Za su ɗauke ka."

"'Yata, mutum ya taso tun daga birni, ya same ni a miƙe kamar buhun albasa? A gidan wa aka taɓa yin haka?"

Na dubi Iya Kalolaine. Ita ce za ta fi kowa asara, ita ce kuma ke gyara masa wuyan riga.

"Iya, ki yi masa magana mana."

"Ni? Yau zan fara? In ya tarbi baƙo a kwance, Lahadi da wane ido zan shiga coci?"

Ta sunkuya tana sa masa takalmi, ta daɗe a sunkuye fiye da yadda takalmi ke buƙata. Sista Noelene ta leƙo, ta ga tukwane, ta ga tabarma, ta faɗi wata kalma da ba na fassarawa, ta fita tarbar baƙo.

Mista Garrick ba mugu ba ne, wannan shi ne abin haushin. Dogo ne siriri, da jakar goyo da kwamfutar hannu, ya cire hularsa tun daga ƙofa. Ya ce kakarsa ma a irin wannan gida ta rasu, cikin kwana tara. Yadda ya faɗi kwana taran, kai ka ce yabon tarbiyyarta yake.

Yana shigowa Baba Lopeti ya miƙe tsaye. Mako biyar rabon da in gan shi a kan ƙafarsa. Daga inda nake na ji ƙarar gwiwarsa. Ya miƙa hannu, ya yi wa baƙo barka da zuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, bai zauna ba sai da baƙo ya zauna. Mista Garrick ya taɓa kwamfutarsa da yatsa sau ɗaya.

"Tambaye shi yaya jikin," ya ce mini.

Na tambaya. Baba ya ce, "Lafiya lau, mun gode Allah."

Na juya na ce da Turanci, "Ya ce yana jin jiki, amma yana gode wa Allah."

"A'a," in ji Baba Lopeti da Turanci, bai ko dube ni ba. "Lafiya lau na ce."

Daga nan ban sake ƙara ko kalma ɗaya ba.

"Zafi fa? Daga ɗaya zuwa goma, nawa zai ba shi?"

A wurinmu ba a zayyana wa baƙo ciwo. Ya zo da gajiyar hanya, sai kuma ka ɗora masa taka? Amma cewa babu ƙarya ce, Baba kuwa dattijon coci ne.

"Biyu," ya ce.

Sista Noelene, da ke jingine da bango, ta matso. "Mista Garrick, ga takardar allurarsa. Ka duba yawan abin da ake ba shi. Wannan ko doki ne zai kwantar da shi."

"Na gani, Sista, zan maƙala ta a ƙarshe. Amma gurbin da ke takardata cewa ya yi a rubuta abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa. An yi haka ne don a mutunta shi."

"Madalla. Ya mutuntu."

Sai Iya Kalolaine ta buɗe tukwane. Naman gwangwani da madarar kwakwa a naɗe cikin ganyen gwaza, ga doya, ga kifi. Mista Garrick ya ce doka ta hana shi karɓar komai. Iya ta ce in gaya masa ba ba shi ta yi ba, ajiyewa kawai ta yi a gabansa. Ya ɗanɗana don kunya, ya ƙara don daɗi. Ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai, saboda haka Baba Lopeti, wanda cokali uku ke ƙosar da shi, ya ja faranti. Ina kallon yadda kowace loma ke tsaya masa a wuya kafin ta wuce. Ya cinye. Da baƙo ya ƙara doya, shi ma ya ƙara.

"Kai, yana ci sosai," in ji Mista Garrick, da murna har cikin ransa. Ya goge yatsa, ya taɓa kwamfuta.

Daga baranda Keith ya ce, "Yallaɓai, ka tambaye shi ko zai yi kokawa. Ni jiya ya kayar da ni."

"Keith!" in ji Sista.

"To me ya rage? Ai ya riga ya ci jarrabawar."

Abin da ya rage shi ne rakiya. Mista Garrick ya roƙe shi ya zauna. Baba ya ce shi bai taɓa barin baƙo ya nemi ƙofa da kansa ba. Daga ɗaki na huɗu zuwa ƙofar gida taku talatin da biyu ne, na sani don kullum ina goge wurin. Ya yi su duka, hannu ɗaya a bango, yana ba baƙo labarin shekarar da kogi ya cika ya shanye gonaki. Ya tsaya a ƙofa yana ɗaga hannu har mota ta sha kwana. Sannan ƙafafunsa suka naɗe. Ni da Sista muka tare shi kafin kansa ya kai ƙasa. Abincin duka ya dawo a kan farar rigar, har da jini.

Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Sakamako ya fito ran Litinin: maki sittin. Takardar ta ce majinyacin ya nuna ci gaba mai ƙarfafa gwiwa, za a sallame shi daga gadon cikin kwana bakwai, an kuma samar masa gurbi a birni. Sista Noelene ta buga waya a gabana, ta ajiye ta a tebur da murya a buɗe.

"Mutumin nan yanzu ruwa ma da cokali muke ba shi. Ku sake turo wani ya gan shi."

Wata murya mai sanyi ta ce ana iya ɗaukaka ƙara, kuma ana amsawa cikin mako shida.

"Ba zai kai mako shida ba."

"In likita ya tabbatar da haka, Sista, sai a cike masa sabuwar takardar shiga. Amma sai ya yi kwana ashirin da takwas a waje tukuna."

"A waje ina?"

"Ko'ina, muddin ba a gadon gidan ba ne. Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi yau?"

Iya Kalolaine ta ce a ba ta shi ta kai shi gida. Sista ta tambaye ta wa zai riƙa juya shi, wa zai duba allura. Ma'aikaciyar jinya mai zagaye sau biyu take zuwa a mako, banɗakinsu kuma a waje yake. Iya ba ta yi kuka ba. Ta koma ɗaki ta zauna tana murza masa ƙafa.

"Ka ga abin da ka jawo mana, Baban Sela."

Da ƙyar ya buɗe ido. "Ya ci ya ƙoshi dai?"

"Ya ƙoshi."

"To."

Akwai allon sanarwa a bakin ofis, kullum ina goge gilashinsa. Ni sai da na haura arba'in na koyi karatu, a ajin manya, kuma har yau ban iya tsallake layi ba. In na fara takarda sai na kai ƙarshenta. Mai yiwuwa ni kaɗai ce a gidan na taɓa karanta dokar masu ziyara har shafi na uku. Shekara biyu da suka wuce aka maƙala ta, bayan wani taron kwana uku da aka yi a otal kan mutunta al'adu. Na kwana biyu ina juya abin a raina, ran Laraba na kira Sista na ɗora yatsa a gilashin.

Ta karanta a fili. Kowane majinyaci yana da ikon dangi biyu su zauna tare da shi dare da rana, babu iyakar kwanaki. Dangi shi ne duk wanda majinyacin ya ce danginsa ne. Gida zai ba su wurin shimfiɗa bisa al'adarsu.

"To?" ta ce.

"Ba a ce gado ba, Sista. Mu kuwa da ma a ƙasa muka tashi muna kwana."

Ta daɗe tana kallona. "Dangin wa zai zama?"

Tari ya taso daga baranda.

Ta fara kiran likita. Ya ce shi likitan gari ne, ba wanda ya hana shi rubuta wa ɗan gari magani, ko a kan bishiya yake kwana. Ya ce kuma bai san dokar da ta hana ma'aikaciyar jinya duba mutumin da ta tarar kwance a ƙasa ba. Sannan muka nufi Keith. Sista ta yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba.

"Wato ku kwaso mini shi ɗaki. Da matarsa. Da tukwane."

"Eh."

"Da masu waƙar nan ta Lahadi?"

"Su ma."

"Shekara saba'in da huɗu ina gudun dangi, sai yanzu da ba ni da ƙafar gudu suka cim mini." Ya ja iska. "Me zan rubuta? Ɗan'uwa? Ku dube shi ku dube ni."

"Babu gurbin hoto a takardar."

"To in na riga shi fa?"

Wannan ce tambayar da ba wanda ya so a yi. In babu majinyaci, babu mai ziyara.

"Sai ka daure," in ji Sista.

"Ikon Allah! Wancan an ce ya mutu ya ƙi, ni kuma yanzu an ce kada in mutu. Ku dai ku tsai da magana ɗaya."

Ya karɓi biro. A gurbin dangantaka ya rubuta ƙane, ko da yake Baba Lopeti ya ba shi shekara huɗu. Ya ce ko a takarda ba zai yarda ɗan tsibiri ya girme shi ba.

Mun zaci an gama, ashe da saura. Da na yi wa Baba bayani sai ya girgiza kai a kan matashi.

"Shi mai ɗakin ya kira ni?"

"Ya sa hannu, Baba."

"Hannu aka ce ya sa, ya sa. Ba na shiga ɗakin mutum bai kira ni ba."

Iya Kalolaine ta ɗaga hannu biyu sama. "Kun ji ko? Haka na yi shekara hamsin da biyu. Wannan ko mala'ika ne ya zo ɗaukarsa sai ya tambaye shi ko ya ci abinci."

Na je na gaya wa Keith. Ya zagi Tonga, ya zagi gwamnati, ya zagi tumakin da suka cika masa huhu da ƙura, sannan ya ce in tura keken. Na kai shi bakin ƙofar ɗaki na huɗu. Ya cire robar hanci.

"Sarkin tsibiri. Ka zo ka mutu a ɗakina, don Allah."

"Ba zan takura maka ba?"

"Za ka takura mini."

"To na gode. Zan zo."

Ran Litinin aka sallame shi a takarda da ƙarfe tara. Tara da kwata maza huɗu daga coci suka ɗauke shi a bargo, suka fita ta baranda, suka shiga ƙofar gaba. An shimfiɗa tabarmi bakwai a ƙarƙashin taga, da soson da yara ke zama a kai a coci. Sista ta kira gidan tsofaffin ta ce iyali sun yi wani shiri. Ni kuma na wanke ɗaki na huɗu, na sa sabon zanen gado, na rufe. Gado ne mai kyau, mai tashi da sauka da maɓalli, da katifar da ke hana gyambon kwanciya. Haka ya zauna a gyare, ba kowa a kai, don a lokacin babu wani a Tarrawin da yake mutuwa bisa ƙa'ida. Mai buƙatarsa yana bayan bango, a ƙasa.

Sista Noelene shekararta sittin da ɗaya. Kowace awa huɗu sai ta durƙusa a kan tabarma ta duba allura, ta juya shi, sannan ta kama ƙarfen gadon Keith ta miƙe tana cije leɓe. Ba ta rubuta komai a littafin aiki, don babu layin da aka ware wa durƙuso. Iya Kalolaine ta daina komawa gida. Ta shimfiɗa tata tabarmar kusa da tasa, ta huta da jan gwiwa a titi. Da yake mijin ba ya iya ci, sai ta juya kan mai ɗaki.

"Ɗan'uwa, buɗe baki."

"Iya, wannan abin kamar sabulu yake."

"Ka taɓa cin sabulu? Buɗe."

Yana ci yana mita. Ran Lahadi mutum goma sha huɗu suka cika ɗakin da barandar. Keith ya ce a kawo masa auduga ya toshe kunne. Aka kawo, ya riƙe ta a hannu har aka tashi.

Sau ɗaya muka tsorata. Ran kwana na goma sha biyu da sallamar Baba, da azahar, numfashin Keith ya sarƙe, leɓensa ya yi shuɗi. Sista ta ƙara masa iska, ta ɗaga kan gado, ni ina riƙe da kafaɗarsa. Iya Kalolaine ta tsaya cak da kwano a hannu, tana kallon gadon, tana kallon ƙasa. Sai muka ji murya daga tabarma, siririya kamar zare.

"Wanzami. Kada ka kuskura."

An ɗan jima kafin amsa ta zo.

"Ina nan, ƙane. Kai ma ka yi sauri mana. Mutum yana da abin yi."

"Ina ƙoƙari."

Baba Lopeti ya cika ran kwana na goma sha tara, da hantsi. Tun safe numfashinsa ya canja, Sista ta ce wa Iya ta matso. Ta zauna ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta tana murzawa, tana yi masa faɗa a hankali kan wata riga da ya bari a gona shekaru da yawa da suka wuce. Keith ya ce in buɗe ƙofar baranda, ɗakin ya yi zafi, ko da yake ba a yi zafi ba ranar. Iya ce ta fara ganewa. Ba ta daina murzawar ba, ta dai daina faɗan.

Da rana, bayan fasto da matan coci sun tafi da shi, Sista ta kira ni ofis. Ba za a sa shi a littafin waɗanda suka rasu a gidan ba, tunda ba majinyacinmu ba ne. Takardar da ta dace da shi ita ce ta hatsarin da ya sami mai ziyara, shafi huɗu. Ta karanta mini tambayoyin tana cikewa. Ko mai ziyarar ya yi tuntuɓe? A'a. Ko akwai isasshen haske a wurin? Akwai. Ko an sanar da danginsa? Suna wurin. Wane mataki gida zai ɗauka don kada irin haka ta sake faruwa? Ta daɗe da biro a sama, sannan ta ja layi a gurbin ta wuce.

"Saura naki," ta ce, ta juyo mini da takardar. "Shafi na huɗu na mai shara ne."

Na karanta shi daga sama har ƙasa. Tambaya ɗaya ce: ko ƙasa a jiƙe take lokacin da abin ya faru. Na rubuta cewa a bushe take, na sa hannu.